Lambar E4 da Gaisuwar Ticha

Shekarun baya, a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da wayar salula sai a hannun wane da wane, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a Rijiyar Lemo. Wata shida ke nan da rasuwar maigidana. Na fita takaba, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, 'yan uwansa sun zo daga garinsu an yi rabon gado, sun tafi da littattafansa da babur ɗinsa. Allah bai ba mu haihuwa ba. Gidan ya rage daga ni sai kujeru, sai wani ƙaton obin na gashin kek da ya cinye rabin kicin.

Shi ya saya mini obin ɗin a shekararmu ta biyu. Malamin makarantar koyon sana'a ne, aikin lantarki yake koyarwa, don haka bai ji tsoron sayen na hannu ba, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Ba mai murɗawa ba ne. Maɓallai gare shi, da wani ɗan gilashi a goshi mai nuna lambobi jajaye. Ni iyakar ilimina a kansa: danna nan, danna can, jira ya yi ƙara, zuba kek. Duk abin da ya wuce haka, sai in leƙo daga kicin in ce, "Malam!" ya taso da mazubin kayan aikinsa.

Mahaifiyata kuwa 'yar kasuwa ce, atamfa take sayarwa. Iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo suka zauna a Fagge, a nan aka haife ta, a nan ta haife ni, har Hausa ta fi zama a bakina. A shekarar nan ta ce ta gaji, za ta bar wa yayana shagon ta koma garin kakanninmu. Kuma ba ita kaɗai take shirin tafiya ba.

"Ki haɗa kayanki mu tafi," ta ce mini. "Ba miji, ba ɗa. Me kike gadi a gidan nan?"

"Mama, ina da sana'ata."

"Sana'ar da tun da ya rasu ba ki kunna mata wuta ba?"

Gaskiya ta faɗa. Bayan kwana biyu sai ga ta da aiki. Wata Hajiya ƙawarta za ta aurar da 'ya ranar Asabar, ana son kek mai hawa uku da ƙanana na rabo. Ta ce idan na fitar da ita kunya za ta ƙyale ni in zauna. Idan kuwa na kasa, ba sauran magana, mota ɗaya za mu shiga. Na san mahaifiyata. Ba ta maimaita magana.

Ranar Laraba da safe aka kawo wuta, na tashi da kuzarin da na manta ina da shi. Na buga bota da sukari, na fasa ƙwai, na tankaɗe fulawa, kwaɓi ya yi kyau. Na danna maɓalli. Fitilar ciki ta kama, fanka ta fara juyawa, sai kawai ya yi ɗif. Ya fara wani kuka, ƙit, ƙit, ƙit, kuma a gilashin nan, inda lambar zafi ta saba fitowa, sai ga harafi ɗaya da lamba ɗaya: E4.

Na kashe na kunna. E4. Na cire filogi na mayar. E4. Na danna duk maɓallan da ke jikinsa, har waɗanda ban taɓa sanin aikinsu ba. Jama'a, kada ku yi mini dariya, har tofi na yi masa, sannan na ɗan mare shi a gefe kamar yadda ake yi wa tsohuwar talabijin. Da na rasa dabara sai na ji na juya wajen ƙofa, bakina ya riga ya buɗe zan yi kira. Na rufe shi. Na daɗe a tsaye da ludayi a hannu, abin nan yana ta ƙit, ƙit.

Kwaɓin farko dai a tukunya da yashi na gasa shi don kada ya lalace, ya fito gefe ɗaya baƙi, na rabar wa maƙwabta. Sannan na kira mai gyaran wutar unguwarmu. Ya zo ya tsuguna, ya kalli gilashin, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, wannan ai kwamfuta ce. Abin da za a yi, in cire allon nan gaba ɗaya, in haɗa miki wutar kai tsaye."

"To ta yaya zan san zafin da ya kai?"

"Sai ki dinga leƙawa."

Na ce na gode, ya je zan neme shi.

Na tuna akwai ɗan littafin da ya zo da obin ɗin. Na zazzage akwati biyu kafin na same shi a cikin takardun haya. Duk da Jamusanci aka rubuta shi. Amma ba karatun nake nema ba. Malam mutum ne mai rubutu a gefen littafi, na sa rai zan ga inda ya fassara wani abu da jan biro, ko da kalma biyu. Na buɗe shafi-shafi har bango. Bai rubuta komai ba. Me zai rubuta, tunda yana nan?

Sai na tuna wani shago a Sabon Gari da muka taɓa tsayawa sau ɗaya, ya bar ni a kan babur ya shiga ya karɓo wani abu. Ban san sunan mai shagon ba, ban san sunan layin ba, na dai tuna akwai matattun firji a jere a ƙofa da wani coci mai shuɗin fenti a kusa. Na rubuta E4 a takarda kamar zan manta, na saka littafin a jaka, na hau bas zuwa Bata. Daga nan da ƙafa. Rabona da shiga cunkoso irin wannan tun kafin rasuwar. Masu kaya a ka suna ta "hanya, hanya," 'yan acaɓa suna gogar mutum, kowa ya san inda za shi, ni ina ta leƙa layi-layi ina neman matattun firji. Sai bayan azahar na gane wurin.

Mai shagon wani dattijo ne Inyamuri, gashinsa fari fat, yana zaune a kan doguwar kujera ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bokiti, ta kumbura. Hausarsa irin ta Sabon Gari ce, mace ma "kai" yake ce mata, amma zan gyara muku ita a nan. Na gaishe shi, na fara bayani. Ban kai ƙarshe ba ya zare tabarau ya ƙura mini ido.

"Tsaya. Ba ke ce matar Ticha ba?"

Na ce ni ce.

"Ina ya shiga? Wata nawa! Ko ya samu muƙami a gwamnatin nan ne ya manta da mu?"

Wata shida kowa ya gan ni sai ya sassauta murya, ya sunkuyar da kai. Wannan mutumin kuwa da faɗa yake tambaya, faɗan wanda yake jiran abokinsa ya shigo ya ba da haƙuri. Na buɗe baki zan faɗa masa. Abin da ya fito shi ne, "Ya yi tafiya, Baba."

"Tafiya ba sallama? To. Zai dawo ya same ni. Kawo littafin."

Ya buɗe can wajen ƙarshe inda aka jera lambobi, ya bi da yatsa har ya tsaya a kan E4. Ya ce shi ma ba ya jin Jamusanci, amma wannan kalmar ya san ta, don ya sha ƙona hannu a kanta. Ya ce a cikin obin, can sama ta baya, akwai wani siririn ƙarfe kamar allurar saƙa. Shi yake gaya wa allon maɓallai yadda zafi ya kai. Idan allon ya tambaya bai ji amsa ba, sai ya kashe komai don kada gida ya kama wuta, ya rubuta wannan lambar. Ko dai wayar ƙarfen ce ta saki, ko shi kansa ya mutu.

Na ce to yaushe zai zo ya duba? Ya nuna mini ƙafarsa. Ya ce shekara biyu rabonsa da zuwa gyara a gidajen mutane.

"Da Ticha yana nan, minti biyar ne. Tunda ba ya nan, ke za ki yi."

"Ni? Baba, ko ƙwan fitila ban taɓa canjawa ba."

"Kina fasa ƙwai talatin ba ɓawo a ciki? To kin iya."

Ya yago bayan wata tsohuwar kalanda ya zana mini bayan obin, ya sa alama a inda kusoshi suke. Ya ɗauko wata sukundireba mai bakin tauraro ya ba ni aro. Ya ce kafin in taɓa komai in cire filogi, in riƙe shi a hannuna in kalle shi da idona, sannan in ajiye. Sau uku ya maimaita wannan. Da zan tafi ya ɗaga murya: "Idan ya bugo waya ki gaishe shi!"

Na ce zai ji.

A hanyar gida na yi ta istigfari. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani sauƙi da na ji a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar da aka fita da gawar Malam.

Jawo obin ɗin daga bango shi ne babban aiki. Na tura tsohon zane a ƙarƙashin ƙafafunsa, na ja, na huta, na ja. Na cire filogi na kalle shi kamar yadda aka umarce ni. Kusoshin na jera su a faranti yadda na kwance su. Da murfin ya buɗe, na ga wayoyi kala-kala da ƙura da gawar kyankyasai, na kusa mayarwa in haƙura. Na dai bi zanen kalanda da yatsa har na kai ga wayar, siririya fara. Ba ta saki ba, tana nan daram. Don haka na kwance ƙarfen gaba ɗaya, na naɗe shi a hankici kamar wani abin gwal.

Alhamis da sassafe ina Sabon Gari. Baba ya ɗora wayoyin mitarsa a jikin ƙarfen. Allurar mita ba ta motsa ba.

"Ya mutu," in ji shi. "Zauna."

Ya sa sanda ya shiga can cikin shago, inda gawarwakin obin da injin wanki suke jibge, yana bincike yana magana. A nan na ji abubuwan da ban sani ba. Ashe duk Asabar da Malam yake ce mini zai je duba kayan aiki, a nan yake yini. A kan wannan bencin da nake zaune yake zama, su sayi gyaɗa, su yi ta gardamar siyasa. Malam ya rantse tunda soja sun koma bariki, kafin shekara biyu an daina ɗauke wuta a ƙasar nan. Baba ya ce masa ko jikokinsu ba za su gani ba.

"Ki gaya masa ni na ci gardama. Jiya ma da janareta na yini."

Na yi dariya, dariya ta gaske, har na ji muryata ta zame mini baƙuwa.

"Kullum maganarki yake," ya ci gaba, kansa a cikin wani obin. "Ya ce kek ɗinki ya fi na kanti. Amma ya ce sukarinki yana yawa, kuma ba zai iya gaya miki ba."

Shekara bakwai muna tare, bai taɓa faɗa mini ba. Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake cewa: mutumin kirki ne, mai haƙuri ne. Na sani. Amma wannan sabon labari ne, wanda ban taɓa ji ba, kamar ya aiko mini da saƙo. Da na faɗi gaskiya a lokacin, na san Baba zai daina, shi ma ya koma cewa mutumin kirki ne. Sai na ja bakina na rufe, na bar shi yana ta zuba.

Ya samo ƙarfe irin nawa a jikin wani obin da gilashin ƙofarsa ya fashe. Ya gwada, allura ta motsa. Ya nuna mini yadda zan zura shi da yadda zan ji ɗan ƙas idan wayar ta shiga gurbinta.

Kafin azahar na gama haɗawa. Na mayar da murfi, kusa ɗaya ta yi saura a faranti, na sake kwancewa na nemo raminta. Na tura filogi. Shiru. An ɗauke wuta.

Na zauna a ƙasan kicin na jingina da bango. Ban san ko na gyara ba ko na ƙarasa lalatawa, kuma ba yadda zan sani sai an kawo wuta. Na kunna makunnin ƙwan kicin don in gani da zarar ta zo. Na ji maƙwabta suna ta hidimarsu ta bayan katanga, ana daka, ana kiran wani ya zo ya ci abinci. Na yi azahar a nan, na koma na zauna. Na yi la'asar, na koma na zauna. Na lissafa awannin da suka rage kafin Asabar, na lissafa kayan da zan iya ɗauka a mota ɗaya da mahaifiyata, na ga obin ɗin ba ya ciki.

Wajen ƙarfe biyar ƙwan ya kama. Na tashi, na yi bismilla, na danna. Fanka ta juya. Na jira kukan nan. Bai zo ba. Sai lamba ta fito, ta fara hawa a hankali, hamsin, tamanin, ɗari da ashirin. Na sa tafin hannu a gilashin ƙofa na ji ɗumi. Na daka tsalle na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba. Sai na tsaya. Ba wanda ya ji. Na leƙa falo, kujeru ne. Na dawo na fara fasa ƙwai.

Wutar ta yi mini kirki a daren da kuma ranar Juma'a. Asabar da hantsi na kai kek gidan biki a tasi, ina rungume da shi. Na rage sukari. Mahaifiyata ta zagaya shi sau biyu, ta ce hawa na sama ya ɗan karkace. Ba ta sake yi mini maganar tafiya ba. Bayan sallah ta tafi ita kaɗai, na raka ta tasha.

Amma kafin nan, ranar Litinin, na mayar wa Baba sukundirebarsa, da ɗan kek a leda. Ya gutsura ya ce Ticha bai yi ƙarya ba. Sannan ya ce, "Ya bugo? Kin gaya masa?"

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Malam ya rasu. Wata shida ke nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu."

Ya daina tauna. Ya kalle ni, ya kalli bencin. Ya miƙa hannu ya zare filogin ƙarfen da yake liƙa waya da shi.

"Madam, tun Laraba nake aika masa gaisuwa."

"Na sani."

"Wata shida ina jin haushinsa. Na ce ya samu manyan abokai. Ba wanda ya zo ya gaya mini. Ga ni nan kullum. Ba wanda ya zo."

An sanar a masallaci, an sanar a makarantarsu, an aika garinsu. Wa zai tuna da wani tsoho mai gyaran firji a Sabon Gari? Ni kaina ban san da shi ba. Bai yi mini faɗan ƙaryar da na yi ba, bai ma tambaye ni dalili ba. Ya ce in kwatanta masa gidan, sannan ya fara janyo ƙofar shago, da rana tsaka.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga tasi a ƙofar gidana. Shi ne da matarsa, tana riƙe da shi, yana dogara sanda, mutumin da ya shekara biyu bai je gidan kowa ba. Sun kawo doya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, ya faɗi abin da na tabbata sai da ya tambayi wani Bahaushe ya koya masa: "Allah ya jiƙan rai. Allah ya ba da haƙuri." A ranakun zaman makoki ban yi kuka sosai ba, mutane sun yi yawa, kowa yana cewa in daure. Ranar nan kuwa matarsa, wadda ban taɓa gani ba, ta riƙe ni har na gama.

Daga baya Baba ya koma garinsu, shagon ya zama na sayar da waya. Ban sake jin labarinsa ba.

Abin da ya zauna mini daga wannan, duk lokacin da aka yi rasuwa a dangi ko a unguwa, ina tambaya: ina mamacin yake zama idan ya fita? Wa yake saya wa goro, wa yake yi masa aski? Sai in sa a je a gaya musu. Kusan kullum akwai wani a can gefe da yake jira, yana zaton an share shi ne.

Ƙaryar kuwa na nemi gafarar Allah a kanta, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi irinta, don na ga abin da ta yi wa fuskar tsohon nan. Amma idan na ce muku na yi nadama har zuciya, na sake yin wata. A wurin kowa, Malam ya rasu ranar da ya rasu. A wani shago a Sabon Gari ya ƙara wata shida yana raye, ana jin haushinsa, ana ajiye masa gardama. Da kwana biyar a kai. Waɗannan biyar ɗin ni na ƙara masa.